Farar Ƙwaya

Ƙarfe biyun dare a gidan yarin Hull,
ruwa na dukan taga.
Ganduroba Pritchard ya jingina da ƙofata,
shayinsa ya huce, bakinsa bai huce ba:
"Barira, mutumin ɗaki na sha tara,
farar ƙwayar nan tasa, ta mece ce?"

Na ce, ta asuba ce.

Na san abin da ke yawo a jininsa,
da sunan 'yar da ta daina amsa wasiƙarsa,
da daren da ya yaga zanin gado.
Duk suna kulle a durowa,
makullin na kwance a ƙirjina, da sanyinsa.

An karɓe masa igiyar takalmi,
sunansa ma ya koma lamba.
Alƙali ya yanke shekara bakwai,
bai yanke a tona asiri ba.

A Funtuwa kakata kan ce
ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Pritchard ya taɓe baki, ya wuce.
Da asuba na miƙa ƙwayar ta ramin ƙofa.
Bai gode ba.
Ya dai dube ni, ya haɗiye.