Birkin Iska

A gangaren tudun Bezmiechowa,
inda ciyawa ke rusuna wa iskar kudu,
kakana Bogumil ya sassaƙa mini jirgi,
ba inji, ba farfela,
fiffikensa ya fi ni tsawo,
nauyinsa kuwa, yatsa biyu sun isa su ɗauka.

Ranar farko muka jefa shi.
Ya sami ɗumin da ke tashi daga gonar dankali,
ya shiga sahun shamuwa, suna ta kewaya.
Kaka na murza akwatin rediyo, yana danna hanci ƙasa,
jirgi ya yi kunnen ƙashi,
ya zama ɗigo, ya zama babu,
ya nufi Slovakiya ko fasfo bai nema ba.
Ni ko na zube a ciyawa ina kuka.

Sanyi ya zo, ƙanƙara ta liƙe taga.
Ya gina wani a teburin girki,
matarsa Ludmila na mitar garin katako a cikin miya.
Da ya kammala, sumul kamar ƙwai,
sai ya auna bayan fiffike da tsinken ashana,
ina kallo ya sa reza ya yanka.

Na kurma ihu: Ka ɓata shi!
Ya ce: Ɓatawar nake nema, Jagoda,
amma wadda ke jiran izinina.
Ga 'yan alluna biyu, kwance kamar ba sa nan.
In sun miƙe, iskar da ke shafar fiffike ta rikice,
ɗagawa ta ragu, hanci ya sunkuya,
ki ɗan tallafe shi da yatsa,
ki kawo shi gaban takalminki ya sauka.

Hawa, in ji shi, rana ke ba da shi kyauta.
Dawowa kai ke biya daga aljihunka.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka,
ga ni cikin na gaske, ni kaɗai,
kujerar Malam Zbigniew a baya ba kowa.
Kafin igiya ta ja ni, na taɓa shuɗin mariƙi sau biyu,
a kulle yake.
Akwai wanda ya taɓa tashi da birki a buɗe,
an nuna mini shi a rumfar jirage,
ya tsira, da dogon tabo a fuska.

Na dawo da tsayi fiye da kima.
Fili ya yi guntu kamar hankici.
Alamar da na kafa wa ido tana zamewa ƙarƙashin hanci,
ke nan zan wuce ta, shinge na jira.
Hannun dama ya riƙe gudu kada ya ragu,
hagu ya fizgo shuɗin ƙarfe.
Jajayen faranti biyu suka fito kamar haƙora,
jirgi ya yi gurnani, kujera ta nutse,
cikina ya taso har maƙogwaro.
Na mai da rabi,
na bar rabi yana cizon iska.

Taya ta taɓa, ta yi tsalle ɗaya, ta yarda.
Kaka na kan kujerar naɗewa a bakin fili,
idonsa ya yi yana shekara uku ke nan,
amma babban yatsansa na motsi a kan gwiwa,
kamar har yanzu shi ke tuƙi,
ni ce ɗigon da ya aika.

Ya ce: Na ji fitonki tun daga kan itatuwa.
Kin buɗe duka, sannan kika tsorata.
Na ce: Ai na mai da rabi.
Ya ce: Rabin ya zo a makare.
Ya laluba ya kamo hannuna na hagu,
wanda bai daina rawa ba,
ya riƙe shi jim kaɗan, ya saki.
Je ki taya su tura jirgin rumfa, ya ce,
ina jin ƙamshin hadari daga yamma,
ku yi sauri kafin ruwan nan ya sauka.