Littafin Masu Bashi

Shekara ashirin da shida mukullin ɗakin karatun nan na hannuna,
a bakin rafi, a Kuttanad,
inda gonar shinkafa ke kwance ƙasa da kogi,
inda yaro ke iya tuƙa kwalekwale tun bai san baƙi ba.

Kanta tara. Kujera biyar, ɗaya gurguwa.
Sai wani ƙaton littafi mai jan bango
da nake rubuta duk wanda ya ara bai mayar ba.
In za a bi gaskiya, shi na fi karantawa.

Thankachan mai hawan kwakwa: guda uku, wata goma sha ɗaya.
Kunjumol mai ɗinki: ƙamus, tun tana goyon fari.
Vasudevan, tsohon matuƙin jirgin fito,
shi ya ɗauke tarihin ƙauyen nan
wanda wani malamin makaranta ya rubuta da hannunsa,
ba shi da na biyu a duniya.
Duk inda na tare shi, sai ya ce gobe.
Na aika musu takarda. Na tsare su a kasuwar kifi.
Har gaisuwarsu na koma amsawa da ka.

Sai damina ta zo da abin da ba ta saba ba.
Kwana huɗu sama ba ta rufe baki ba.
Daren na biyar ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ba sallama,
ya fara da kantar ƙasa,
ya bi su ɗaya bayan ɗaya,
kafin gari ya waye ya yi sauka.

Da ya janye na tura ƙofa.
Littattafai sun kumbura kamar burodi a shayi,
shafi ya manne wa shafi, tawada ta koma taɓo,
ga wani ɗan kifi ya mutu a tsakiyar littafin lissafi.
Muka shanya abin da zai shanyu a rufin makaranta,
muna juyawa safe da yamma.
Cikin dubu huɗu, ɗari biyu ba su cika ba.
Mai jan bangon ma ya sha nasa,
sunaye sun narke, ba a san wa ake bi ba.

Na zauna a bakin ƙofa da mukulli a hannu,
mai gadin da ba shi da abin gadi.

Ran Talata sai ga kwalekwale.
Thankachan ne, da ƙunshi a ka.
Wai da ruwa ya kai gwiwa, ya naɗe su a leda
ya hau ya ɗaure su can inda kwakwa ke 'ya'ya.
Kunjumol ta fito da ƙamus daga tukunyar shinkafa,
ta rufe da murfi ta rataye a azara,
har yanzu yana ƙanshin girki.
Aka yi ta zuwa, wasu ma na manta da su,
kowa na sunkuyar da kai yana tambayar tara nawa ce.
Da la'asar na ƙirga: ɗari uku da bakwai,
busassu ƙayau,
duk daga hannun waɗanda na ƙi gaisarwa.

Vasudevan bai zo ba.
Jikarsa Sreekutty ta zo, ƙafa duk laka.
Ta ce yana asibiti a Alappuzha, sanyi ya kama masa ƙirji.
Kwana biyu suna kan rufi,
littafin na cikin rigarsa, ya hana kowa taɓawa.
Ta miƙo min da hannu biyu.
Wai a gaya maka, goben ta yi.

Ban sami abin cewa ba, na shiga gyara kujera.

Ta tsaya tana leƙen sabon tulin,
ta zaro wani mai hoton taurari.
Yaushe zan dawo da shi?
Na ɗauki alƙalami, na duba, babu inda zan rubuta.
Na ce, je ki.
Ki dai riƙa ajiye shi a sama.