Ɗaki Na Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya babana Alwyn yana raba wasiƙu a Rhyl,
ko ruwa ko iska, jaka a kafaɗa.
Ya san ƙofar da kare ke laɓe bayanta,
ya san tsohuwar da ke jiran takardar ɗanta daga jirgin ruwa,
ya haddace lambar kowane gida har bakin teku.
Yau an manna hotonsa a ƙofar ɗaki na sha huɗu
don ya gane nasa,
shi kuwa sai ya tsaya ya gaida mutumin da ke cikin hoton.

Yanzu ni ake kawo wa wasiƙa.
Farkon wata, farar ambulan:
fam dubu da ɗari huɗu duk mako,
aski daban, yankan farce daban,
rakiya asibiti, a biya da awa.

Mun sayar da gidan a watan Satumba.
Tun ranar da ɗakuna nake lissafi:
kicin ya ƙare kafin Kirsimeti,
falon da uwata ta cika a cikinsa ya kai mu Ista,
yanzu matakalar bene muke ci, taki ɗai-ɗai.
Ƙanena Emrys ya ce a waya daga Leeds,
"Ai bai ma san inda yake ba."
Na ce ni na sani.

A takardar tallarsu akwai lambu,
da wata dattijuwa tana dariya riƙe da fure.
Lambun yana nan, ban ce sun yi ƙarya ba.
Makullinsa na ofis,
ofis kuma na jiran ma'aikacin da bai zo ba tun Litinin.
Mutum biyu ne da dare, tsofaffi ashirin da shida.
Ƙararrawa takan yi kira har ta gaji.

Ran Laraba na same shi cikin rigar sanyin wani,
suna a wuyanta: D. Pritchard.
Pritchard ya rasu tun Fabrairu.
Shayi ya huce a gefen gado, cike da kofi,
a fayil an rubuta: ya sha.
Na nufi ofis da faɗa fal bakina,
na tarar da manaja a durƙushe tana goge fitsari da kanta,
sai na haɗiye rabi.

Akwai dai Luzviminda,
wadda ta baro tata uwar a Iloilo a hannun ƙanwa.
Abin da ake biyanta a awa bai kai kuɗin askinsa ba.
Ita ta gano abin da likita bai gano ba:
ƙarfe huɗu, in ya tashi yana bubbuga ƙofofi yana huci,
ba gigin tsufa kaɗai ba ne,
aiki ne yake ganin ya makara.
Ta tara masa tsofaffin ambulan a jakar leda.
Yakan bi baranda yana zura ɗaya ƙarƙashin kowace ƙofa,
ya dawo ya zauna, ya ci abincinsa tas.
Wannan ba ya cikin rasit.

Jiya ta ce babban kanti ya ɗauke ta,
da ƙarin fam biyu, ba aikin dare.
Na yi mata murna da gaske.
Kukan sai da na shiga mota.

Saura wata bakwai bene ya ƙare.
Daga nan hukuma za ta zo da ma'auninta,
ta faɗa mana nawa ne kuɗin mutum
da kuma garin da gado ya fi araha.

Yau da zan tafi ya tare ni a baranda.
Bai ce Nerys ba.
Ya ce, "Yarinya, wane gida kike?"
Na ce sha biyu, layin Bedford.
Ya laluba jaka, ya girgiza kai:
"Mutanen gidan nan sun tashi."
Amma ya miƙo min ɗaya, kada in tafi hannu rabbana.
Babu komai a ciki.
Na sa ta a aljihun tebur, tare da sauran takardun biya.