Inji Na Huɗu

Tun Litinin ake yayyafi a Hull,
irin wanda bai zuba ba, bai ɗauke ba,
sai dai ya bi ka ta wuyan riga kamar mai bin bashi.
Na shiga shagon wanki da buhun kayana,
fuskata ta fi sararin garin murtukewa.

Glenda na kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya,
tana ɗinke safar da ba tata ba.
"Ka ga rana?" ta ce.
Na ce wace rana?
Ta nuna ƙwan lantarkin da ke ƙyaftawa a sama:
"Waccan mana. Tana iya ƙoƙarinta."

Inji na huɗu ya haɗiye mini fam uku
ko motsi bai yi ba.
Ta taso, ta shafa kansa, ta raɗa masa magana,
sannan ta ɗirka masa gwiwa a ciki.
Ya yi tari, ya kama aiki.
"Haka tsohon mijina yake," in ji ta,
ta kece da dariya har ɗan kunnenta na roba,
mai siffar ayaba,
ya faɗa kwandon wani tsoho.

Safa marasa 'yan'uwa take tarawa,
waɗanda mutane suka manta a cikin inji.
Ta jera su a igiya daga ƙofa har taga,
kowacce da sunanta.
"Ɗan'uwanta na nan tafe," ta kan ce.
A shekara tara, biyu rak suka haɗu.
Ta yi musu walima da biskit da shayi.

Ni ma'aikacin jinya ne, na dare.
Na san yadda fuska ke zubewa in labari ya iso.
Na ce a raina, wannan ba ta ga komai ba,
wanda bai ɗanɗani maɗaci ba
shi ke rantsuwa duniya zuma ce.
Wata shida ina jin haushinta,
ina kuma dawowa duk Alhamis,
alhali ga wani shagon a bakin layinmu.

Sai wani dare aka canza mini ɗaki.
Hawa na biyar, ƙarfe uku saura,
na yaye labule, sai ga ta.
Ba ayaba a kunne, ba jan baki.
Kan gadon wani dogon saurayi ne,
Callum, in ji takardar,
idonsa a buɗe, ba ya kallon kowa.
Ta riƙe ƙafarsa a cinyarta
tana sa masa safa,
ɗaya kore, ɗaya mai zanen kifi.

Ta ɗago. Ta gane ni. Ba ta yi murmushi ba.
"Ƙafarsa na sanyi da dare," ta ce.
Na duba takardar na ga shekarun,
na daina ƙirgawa.
Na gyara robar ruwan da ba ta buƙatar gyara,
na fita a hankali
kamar wanda ya taka sallayar wani da takalmi.

Alhamis na tsaya a ƙofar shagon
ina shirya maganar da zan yi.
Hausa ta ba ni sannu iri goma,
Turanci ya ba ni guda, ita ma gurguwa.
Kafin in buɗe baki ta riga ni:
"Ka ga rana?"
Na ɗaga kai. Ƙwan ya mutu ɗungurungum.
"Ta tafi hutu," in ji Glenda, "ta cancanta."

Inji na huɗu ya sake cinye kuɗina.
Na ce yau ni da shi.
Na ja da baya, na zuba masa gwiwa.
Shiru. Sai zafi har ƙugu.
Tana can tana share hawayen dariya da safar wani:
"Ka tsallake lallashin, malam.
Koma ka fara daga farko."