Gishirin Censa

Kakata Censa ba ta ƙirga sarakuna,
buhun gishiri take ƙirgawa.
Da sassafe takan gangara bakin teku a Gozo,
inda aka sassaƙe dutse gurbi-gurbi kamar na dara,
ruwa ya kwanta, rana ta lashe, farin ya rage.

Na biyo ta da haddar makaranta:
Finikiyawa, Rumawa, Larabawa, Normawa,
sai mayaƙan gicciye da aka ba su Malta
a kan shaho ɗaya duk shekara.
Ta tsaya, ta dogara da tsintsiya.
"Shaho ɗaya, har da mu a ciki?
Ashe mun yi araha."

Akwai shekarar da ba a faɗa da ƙarfi,
da jiragen Turkawa suka kwashe kusan kowa,
mai goyo, mai sanda, mai gyaran koma.
Gishiri ya kai, ya bushe, ya yi ɓawo,
babu hannun da zai share.
Ta ce kakar kakarta ta ji daga wata kaka
cewa awaki ne suka gaji gidajen.

Faransawa ba su cika shekara uku ba,
amma azurfar coci ta san da zuwansu.
Ingilishi suka shigo da sunan agaji,
baƙon kwana uku
ya shekara ɗari da sittin yana neman takalminsa.

Abin da ta gani da idonta kaɗan ne:
sama tana aman wuta, tana 'yar bakwai,
kogo mai warin kananzir da tsoro,
yayanta Wenzu da ya haye babban tsibiri
aikin tashar jirgi,
hularsa kawai ta dawo.

In ta durƙusa gaban gicciye
Alla take kira,
azuminta kuwa Randan.
Waɗanda suka kawo kalmomin sun daɗe da tafiya,
harshen ne ya ƙi shiga jirgi.

Yanzu masu yawon buɗe ido ke zuwa,
jajayen kafaɗu, suna ɗaukarta hoto,
suna taya ƙullin gishiri kamar ba su da kuɗi.
Na ce, "Kaka, su ma za su tafi?"
Ta dubi teku, ta dubi rana ta yi sama,
ta miƙo mini tsintsiya.
"Faro daga gefe.
Kada ka haɗa mini da yashi."