Dutsen Bakin Ruwa

Ni mai sassaƙa dutse ne a layin bayan coci,
a wani gari na gaɓar Bahiya, mai warin gishiri da soyayyen kifi.
Harafi-harafi ake biyana,
shi ya sa ban taɓa ƙin doguwar magana ba.

Ran Talata takarda ta zo daga majalisar gari:
Ivonete Paixão, zinare a ninƙaya,
baƙar fata ta farko.
Na auna, na ja layi da alli.

Laraba sai ga ta da kanta, gashi bai bushe ba,
kafaɗu kamar ƙofar sito.
Ta ce, “Baba, goge layin ƙasa.
Minti ɗaya da daƙiƙa bakwai, shi za ka sa.
Shekara tara ina riga zakara tashi,
ruwa bai taɓa tambayar launina ba,
agogo kuwa makaho ne.
Wadda ta zo ta biyu, wa ya rubuta fatarta?”
Na lashi yatsa, na goge.

Alhamis kakarta Zulmira ta hawo tudun da sanda,
ta zauna kan dutsen kabarin da ba a biya ba,
sai da numfashinta ya dawo.
Ta miƙo min hannuwa, duk sabulu ya cinye.
“Shekara talatin da ɗaya ina wanke tawul a wurin nan.
Na san ruwan da hanci, ban san shi da ƙafa ba.
Ta farko ba ya nufin mun kasa iyo.
Yana nufin akwai ƙofa,
akwai kuma wanda ya riƙe makulli.
In ka goge, ka wanke masa hannu.”
Na mayar da alli.

Da dare na tuna Dorival, shugaban garinmu,
yadda rediyo ta kwana tana kiran fatarsa ran da ya ci zaɓe.
Ya taɓa ce min, yana jiran allon ofishinsa,
“Za su ƙirga launina, ba za su ƙirga kwalbatocin da na gina ba.”
Gaskiya ya faɗa.
Amma hotonsa na rataye a shagon aski,
kuma na ga yaro, kumfa a ƙeya,
ya kafa masa ido har aka gama.

Kalma ɗaya, ga wani rumfa, ga wani keji.
Dutse kuma ba ya karɓar gyara.

Na kwana biyu guduma na kallona.

Abin da na sassaƙa ke nan:
sunanta, da lokacinta, manya-manya, yadda ta so.
A ƙasa, ƙanana, sai ka sunkuya:
jikar Zulmira, wadda ta yi wanki a nan
ba a bar ta ta shiga ba.
Majalisa ta ce ba ta yi odar waɗannan haruffa ba.
Ba a biya ni su ba har yau.

Ran Asabar aka yaye ƙyalle, aka tafa.
Ivonete ta karanta, ba ta ce min komai ba.
Tsohuwar kuwa ba ta ko dubi dutsen ba.
Ta cire takalmi, ta zauna a baki,
ta zura ƙafa ɗaya,
ta ce, “Ashe sanyi gare shi.”