Wa Kake Faɗa Wa?

Sun iso Aberystwyth a jirgin ƙasan safe,
rigunansu jiƙe da ruwan sama:
wata mace, da wani dogo mai kaɗa fiyano.
Muka ture kujerun ɗakin taro gefe.

Ta ce mu kwanta rigingine,
littafi a kan cibiya,
mu ja numfashi har ya ɗaga.
Na Carys ya zame. Muka kwashe da dariya.

Sai aka zo kan Gethin,
wanda muryarsa ta fara fashewa bara,
mai motsa leɓe kawai a sahun baya.
Ya ɗauko baiti, muryar ta yage kamar tsohon yadi.
Kunnuwansa suka yi jajir.

Ta ce, "Bar rerawa. Faɗe shi kawai.
Wa kake faɗa wa?"

Ya daɗe yana duban ƙofa.
"Yayana. Yana Kanada."

Dogon ya ja yatsunsa hagu kaɗan.
Muryar ta sake yagewa a wurin nan dai,
amma ko tari ba wanda ya yi.

Ƙarfe uku suka koma tasha.
A motar makaranta na ji shi a bayana,
goshi jingine da gilashi,
yana maimaita baitin ƙasa-ƙasa.